Bawul ɗin tururi ya hana ni sakat, zafi sai lilo yake, na taɓa tunin har na gaji

Ɗan_koyo ya rubuta:

Slm ƴan uwa barkanmu da dare. Dan Allah masu aikin insturumen a zo a cece ni, yau kwana tara kenan abin nan ya hana ni barci. Ina aiki a wani kamfanin tace man girki anan Kano, shekara ɗaya da ƴan watanni da gama diflomata, kuma ogan sashenmu ya tafi gida jinya shi yasa komai ya dawo kaina.

Muna da hita da ke dumama mai kafin ya wuce tankin da ake cire masa launi, tururi ne ke dumama shi daga boila mai matsin ba (bar) 10. Akan layin tururin akwai kwanturol bawul inci 2, irin mai dayafuram ɗin nan da iska ke buɗewa, in iska ta ɗauke sifirin ya rufe shi, da fozishina a jikinsa, wato ƴar na'urar da ke daidaita buɗewar bawul da umarnin da aka aiko. Zafin da ake so digiri 90 ne. Da can in ka kalli layin a sikirin kamar da rula aka ja shi, yanzu kuwa sai ya gangara 83 ya ɗan tsaya, can sai ya haura 97 ya tsaya, ya sake gangarowa, haka zai wuni duk bayan kamar minti shida. Shi kuma layin umarnin da PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin, ke aika wa bawul ɗin ya koma kamar haƙoran zarto, ya hau a hankali a hankali sai ya juyo.

Abinda nayi zuwa yanzu, na taɓa tunin wato lambobin saitin PID da PLC ke daidaita zafi da su, na rage gen (ƙarfin martaninta), na ƙara lokacin integiral, abinda ya canja kawai lilon ya ƙara tsawo daga minti shida ya koma sha ɗaya amma faɗinsa na nan yadda yake. Na cire Pt100 ɗin da ke auna zafin na sa sabo, ba canji. Na sa mita akan waya, in sikirin ya ce 50% mita na nuna 12 mA cif yadda ya kamata. Manajan furodakshin cewa yake PLC ce ta tabu a kira ƴan Legas, ni kuma jikina bai bani haka ba amma bani da hujjar da zan kare kaina. Me na manta ban duba ba?

Injiniya_Gwale ya rubuta:

Wslm. Tunin ne malam, baka rage gen ɗin sosai bane. Raba shi biyu ka ƙara ɗan D tunda zafi ne, lup ɗin zafi yana da nawa dama. In PLC ɗin na da oto tun ka danna masa ka huta.

Baba_Kakuri ya rubuta:

Injiniya ba a nan gizo ke saƙar ba. Yaron nan ya riga ya baku amsa a cikin tambayarsa bai sani ba. Ya ce ya sassauta tunin, lilo ya ƙara tsawo amma faɗinsa bai ragu ba. In da tunin ne ya yi zafi, kana rage gen lilon zai lafa. Wanda kuwa sai dai ya ja lokaci ya ci gaba da abinsa, to bawul ne ke cijewa.

Ɗana bari in maka da misalin da zaka gane. Ka san ƙofar katako in ta sha ruwan damina ta kumbura? Ka tura taƙi, ka ƙara ƙarfi taƙi, ka sa kafaɗa sai ta ɓalle gaba ɗaya ka tsinci kanka a tsakar ɗaki. Haka sandar bawul ɗinka ke yi. PLC taga zafi ya yi ƙasa sai ta riƙa ƙara umarni kaɗan kaɗan, 1%, 2%, 3%, sanda bata motsa ba amma iska na taruwa a kan dayafuram, har ƙarfin ya rinjayi cijewar sai ta yi tsalle ta wuce inda ake so, tururi ya yi yawa zafi ya haura 97, PLC ta fara janyewa kaɗan kaɗan, sanda ta sake cijewa, a sake wasan ta ɗaya ɓangaren. Haƙoran zarton da kake gani integiral ne ke ta tura ƙofa. Ko shekara zakayi kana juya lambobi ba zai daina ba.

Gobe da safe ga abinda zakayi, ba sai ka kwance komai ba. Ka maida lup ɗin manuwal, ka samu wani ya zauna a sikirin da waya a hannu, kai kuma ka je ka tsaya gaban bawul ɗin da kanka. Ka manna ɗan salatif a sandar ka ja layi da maka. Ya ƙara 1%, ka jira rabin minti, ya sake ƙara 1%, haka haka, kana rubuta a kashi nawa ta motsa kuma da ta motsa ɗin sulɓi ta yi ko tsalle. Sannan ku juyo ƙasa haka nan. Lafiyayyen bawul mai fozishina ya kamata 1% ya motsa shi. In sai an tara 4 ko 5 kafin ya zabura to magana ta ƙare.

Ka ce ka auna 12 mA, madalla, amma wannan ya nuna maka saƙo ya isa ƙofar gida ne kawai, bai nuna maka mai gidan ya tashi ba. 50% ɗin da ke sikirin abinda aka umarci bawul ne, in dai ba ku da waya ta daban da ke dawo da matsayin sandar to PLC bata san inda yake ba, zato take. Mu da muka fara aiki a masaƙun Kakuri lokacin duk siginar iska ce, psi 3 zuwa 15, da rikoda mai alƙalami yana zane a takarda mai zagaye, ba mu da sikirin da zai ruɗe mu, dole ka taka ka je ka gani. Yaran yanzu kun fi mu ilimi nesa ba kusa ba amma kujerar kwanturol rum ta muku daɗi.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai abin ke ci. A Amurka, tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, ranar 28 ga Maris 1979 wajen ƙarfe huɗu na asuba, wani bawul na rage matsi ya buɗe kamar yadda ya kamata, amma da lokacin rufewa ya yi sai ya maƙale a buɗe. Fitilar da ke kan allo ta nuna wa ma'aikata kamar ya rufe, alhali ita fitilar abinda take nunawa shine an yanke wa solenoyid wuta, ba wai bawul ya koma mazauninsa ba. Sama da awa biyu ruwan sanyaya tukunyar na zurarewa, su kuma har rage ruwan gaggawa suka yi don a zatonsu ruwa ya yi yawa, sai da wani da ya shigo daga baya ya lura aka rufe bawul ɗin da ke bayansa, a ƙarshe dai kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Ƙwararru ne fa, ba ƴan koyo ba. Gani ya kori ji.

Tambaya ɗaya, kwana tara ko goma da suka wuce wa ya taɓa bawul ɗin da sifana?

Mai_Damagaram ya rubuta:

Assalamu alaikum. Baba ya gama magana, ni ƙari ɗaya gare ni. Mu nan wajenmu ban muke ce ma bawul kuma da ba muke lissahi ba psi ba, 0.2 zuwa 1 ba shine 3 zuwa 15 naku. Ɗan uwa kahin ka zargi sandar ka duba iskar da ke shiga fozishinan. Ƙarƙashin filta regiletan nan akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwa, buɗe shi ka tara hannu. Yanzu damina ce iska cike take da laima, kwamfuresa na matse ta ruwa na hita, in dirayarku mai busar da iskar bata aiki ko an kewaye ta to ruwan nan da ɗan mai duk cikin fozishina za su ƙare, kuma ramukan ciki kamar bakin allura suke, kaɗan ya ishe su toshewa. Da hunturu kuma ƙura ce ke mana wannan aikin. Sannan ka kalli gejin saflai lokacin da bawul ke motsi, in akcuwetan, wato kan bawul ɗin mai dayafuram, na 0.2 zuwa 1 ne ana ba shi wajen 1.4, amma ka karanta farantin jikinshi kar ka bi bakina, wasu sifirin ɗinsu ya hi haka ƙarhi. In allura na faɗuwa duk sanda ya motsa to iskar bata isa. Ka shafa ruwan omo a mahaɗan tiyo ma ka ga ko zai yi kumfa.

Ɗan_koyo ya rubuta:

Baba wlh kamar kana wajen. Na yi gwajin yau da safe, daga 14% muka fara, 15 shiru, 16 shiru, 17, 18 shiru, a 19 sai naji ƙas sandar ta zabura ta wuce layin da na ja sosai, wajen saukowa ma haka. Da na bincika ashe ranar Asabar ta sama tururi na fita ta wuyan bawul ɗin yana damun masu aikin dare, sai wani makanike ya zo da sifana ya ɗaure notikan fakin ɗin, wato zobban da ke rungume da sandar suna hana yoyo, tamau har ya daina, kuma bai rubuta a littafi ba, da na tambaye shi cewa yayi ai taimako yayi. Na duba ma ɗaya notin ya fi ɗaya shiga, farantin a karkace yake.

Malam na Damagaram kaima ka canka, na buɗe ƙasan filtar ruwa ya fi rabin kofin shayi kuma ja-ja haka. Dirayar ashe tun watan jiya take kashe.

Yanzu matsalar manaja ya ce ba za a tsayar da layi ba sai Lahadi, wai in sassauta notin kaɗan yanzu yana aiki, ko kuma a rufe shi a riƙa amfani da baifas, bututun da ya kewaye bawul ɗin, da hannu, ya ce ai kafin a kawo waɗannan na'urorin ma ana tace mai. Ya zanyi?

Anti_Insturumen ta rubuta:

Ƙanena kar ka kuskura ka sa sifana a notin nan da tururi a ciki, ko waye ya ce. Tururin ba 10 zafinsa ya kai digiri 184, kuma fakin da aka riga aka murƙushe ba a san halinsa ba, kana juya noti kwata ɗaya zai iya furzo maka a fuska, kuma dab da bakin bututu tururin baya ganuwa ma sai ya ɗan yi nisa yake fari. Manajan da ya ce ka yi ba shi zai kwanta a asibiti ba. Abinda ake yi shine a rufe bawul na gaba da na baya, a sa kwaɗo da kati mai sunanka makullin na aljihunka, a buɗe diren a sauke matsin har geji ya koma sifili, a bari ya huce, a cire iskar akcuweta, sannan a taɓa. In akwai baifas ai amfaninsa kenan, a riƙe layi da shi na ƴan awanni mutum ɗaya na tsaye yana kallon zafi, kai kuma kayi aikinka. Abinda ban yarda da shi ba shine a bar baifas ya zama shine hanya, domin shi baya rufe kansa, in famfon mai ya tsaya ko aka ɗauke wuta tururi zai ci gaba da dafa man da ke kwance a hitar, wannan sifirin da ke rufe bawul in iska ta ɗauke ba don ado aka sa shi ba.

Kuma sabo da abu mai maƙalewa shine yake kai mutane. A Buncefield a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, ana cika wani babban tanki da fetur sai gejin lebur ya maƙale yana nuna lamba ɗaya, makunnin da ya kamata ya tsayar da zuba in tanki ya cika shima bai yi aiki ba, fetur ya yi ta malala ta saman tanki har tururinsa ya kama da wuta, gobarar ta yi kwanaki tana ci, mutum sama da 40 suka ji rauni. Da aka yi bincike sai aka gano gejin nan ya maƙale sau 14 a ƴan watannin da suka gabata, kullum a ɗan taɓa shi ya saki a ci gaba da aiki. To irin wannan taimakon na makaniken ku kenan.

Amma ni wani abu ne ya tsaya min a rubutunka wanda ba wanda ya taɓo. Ka ce daga 14% kuka fara gwaji, wato nan bawul ɗin yake zama kullum? In haka ne ya muku girma. Bawul na son ya yi aiki tsakanin kamar 20 zuwa 80, in yana zaune kusa da siti to ɗan motsi kaɗan sai tururi ya canja da yawa, shi yasa tsallen 5% ya iya kaɗa maka zafi digiri 14, kuma tururi mai gudu ta ƴar ƙaramar kafa yana zaizaye fulogi da siti a hankali. Yawanci abinda ke jawo haka an ga bututu inci 2 sai aka sayo bawul inci 2 ba tare da an yi lissafin Cv ba, wato yawan abinda bawul zai iya wucarwa. Ba sai an canja jikin duka ba, ana iya sa ƙaramin fulogi da siti a ciki. Ka ɗauki hoton farantin ka ajiye.

Na biyu ka leƙa tirap ɗin da ke fitar da ruwan tururi a ƙasan hitar. Tunda digiri 90 kawai kuke nema, in lodi ya yi ƙasa bawul zai matse har matsin cikin hitar ya kasa tura ruwan waje, musamman in bututun dawowa hawa yake yi sama, ruwa ya taru zafi ya faɗi, bawul ya buɗe ya kore shi zafi ya haura. Shima lilo ne kuma ba ruwansa da fakin. Alamarsa zakaji ƙara kamar ana buga guduma a bututu kuma ƙasan hitar ya fi sama sanyi sosai.

Tsohon Pt100 ɗin da ka cire kar ka yar, da alama lafiyarsa ƙalau. Sa shi a ruwan ƙanƙara ka auna om 100, a digiri 100 kuma 138.5, sai dai ka tuna ruwa a Kano baya kaiwa 100 cif yake tafasa saboda tudu, zai gaza da digiri ɗaya da wani abu, kar ka ga haka ka ce ya lalace.

Baba_Kakuri ya rubuta:

Ƴata Allah ya miki albarka, maganar tirap ɗin nan ta wuce min. Ɗana in ka buɗe kar ka ce zaka maida tsohon fakin, ciro shi duka da ƙugiya ta tagulla ko katako, kar ka sa sukurdireba ka karce ramin. Ka shafa farcenka a jikin sandar, in kaji kaushi ko zane to sabon fakin ma sati biyu zai yi, in ta ɗan lanƙwashe kuwa sai canji. Zoben in masu yanka ne kar ka jera yankan a layi ɗaya, ka karkata kowanne. Noti kuma bi da bi ake ɗaurewa, wannan kaɗan wancan kaɗan, farantin ya zauna daidai, ka motsa bawul sama da ƙasa sau biyar ko goma ka sake ɗan ɗaurewa, iya inda yoyo ya tsaya nan zaka tsaya. Garafait ya fi jure zafi amma ya fi riƙe sanda, teflon ya fi sulɓi kuma yana kaiwa wajen digiri 230 don haka 184 bai fi ƙarfinsa ba, amma duba abinda masu bawul ɗin suka rubuta a littafinsu. Bayan nan ka sake saita fozishina, 4 mA a rufe ruf, 8 kwata, 12 rabi, 16, 20 a buɗe duka, ka bi su hawa ka bi su sauka.

Sannan lambobin tunin na asali, ina fatan ka rubuta su kafin ka fara juyawa.

Injiniya_Gwale ya rubuta:

Toh na sallama, na yi saurin magana. Amma D ɗin nan dai ina nan akan bakata a lup ɗin zafi yana taimakawa in bawul lafiya yake.

Ɗan_koyo ya rubuta:

Jama'a Alhamdulillah. Na nuna wa manaja rubutun Anti a wayata ya yi shiru, daga baya ya bamu awa huɗu ranar Juma'a bayan masallaci. Tsohon fakin ya fito a dagargaje kamar gawayi, sandar akwai ɗan zane amma farce baya kamawa, mun sa sabo yadda Baba ya ce, na wanke filta na busa tiyo, yanzu 1% ma yana motsa shi. Baba ban rubuta lambobin ba wlh, kunya ta ishe ni, Allah ya taimake ni akwai tsohon bakof a kwamfutar ogana na ciro daga nan. Tun jiya zafi na tsakanin 89 da 91.

Saura dai in an rage gudun mai da daddare ina ɗan jin bugun gudumar nan a ƙasan hitar kuma layin na ɗan kaɗawa, to ina ga maganar tirap ɗin ma gaskiya ce, bututun dawowar kuwa hawa yake kusan mita uku kafin ya shiga babban layi. Dirayar kuma an ce sai an sayo wani abu nata, kafin nan kullum da safe ni ke zagayawa ina zubar da ruwan filtoci guda sha ɗaya. Anti farantin ya nuna Cv 46, in na turo miki yawan man da ke wucewa a awa da zafin shigarsa zaki iya nuna min yadda ake lissafin? So nake in kai wa manaja a rubuce kafin ogana ya dawo.